Injin Askin da Ba a Kashe Ba

Zuwa ga Uwata, 'yar Yayata, mai sunan mahaifiyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kafin gaisuwa akwai sanarwa ta musamman, wadda nauyinta bai bari ta bi layi ba. Ana sanar da na kusa da na nesa, da wanda abin ya shafa da wanda bai shafa ba, cewa mulkin kaina, wato wannan fili mai sheƙi da 'yan tsirarun gashin da suka yi saura a gefen kunnuwa da ƙeya, ya sauya hannu. Bayan shekaru masu yawa a ƙarƙashin gwamnati guda, wadda ta mulke shi da almakashi da baƙar magana, an miƙa ragama ga sabon shugaba cikin lumana. Ba a zubar da jini ba sai ɗigo ɗaya a bayan kunnen hagu, shi ma auduga ta rufe shi. Na yi aikin duba kurakurai a maɗaba'a har idona ya gaji, littattafan tarihin da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa, amma ban taɓa karanta labarin ƙasa mai ƙarancin jama'a irin wannan da aka yi wa sauyin mulki da hawaye haka ba. Ki ajiye sanarwar a gefe, za mu dawo kanta.

Bayan haka, gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina biyu. Allah ya raya su, ya sa albarka a aikinki, ya sauƙaƙa miki kewar gida, don na san kwanakin nan barcinki rabi ne. Mu nan muna godiya ga Allah. Matar Kawunki, wadda ita ce kotun ƙoli ta gidan nan, gwiwarta ta yi sauƙi har ta koma bin sawuna tana kashe fitilun da na kunna. Kyanwarmu kuma ta haihu a kabad ɗin littattafaina, a kan babban ƙamus, ba tare da an yi shawara da ni ba. Yanzu in ina neman ma'anar kalma sai na nemi izini. Na zaɓi in rubuto miki a takarda, in ba abokin aikin maigidanki da zai taho wajenku, ba don na tsani waya ba, sai don takarda ba ta da wurin da ake dannawa a tura wa duniya. Abin da ke cikinta naki ne ke kaɗai.

Babanki yana gida. An mayar da gadonsa ɗakin da ke kusa da ƙofa saboda matakala. Ƙafar dama ta fara amsa kira kaɗan-kaɗan, yana iya tsayuwa in an riƙe shi. Hannun dama dai shiru, yana kwance a cinyarsa. Magana ba ta dawo ba, sai wani sauti guda da yake yi, wanda Yaya, mahaifiyarki, take fassarawa zuwa ma'ana goma, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Hankalinsa garau yake, Uwata, wannan ki sa a ranki. Idon nan nasa da ke gano karkataccen layin aski daga tsallaken titi yana nan yadda kika san shi. Ba zan yi miki ƙarya in ce likitoci sun yi alkawarin hannun ba. Sun ce a yi ta motsa shi, a yi ta addu'a, kuma wanda ya daɗe a duniya ya san abin da likita ke nufi in ya haɗa waɗannan biyu yana kallon ƙasa.

Yanzu ga maganar. Abin da kika gani a waya guntu ne da aka yanko daga tsakiya, kuma a kansa kika yanke wa ƙaninki hukunci. Ki ba ni dama in ɗauko miki daga farko. Kin san shagon: kujeru biyu, ɗaya ta daina juyawa tun kina firamare, madubin da ya tsage a kusurwa aka liƙa kalanda a kan tsagar, tsohon kushin na masu jiran layi, da kantar da ɗan farin tawul ke shimfiɗe a kai. A kan tawul ɗin nan injin askinsa yake kwana, injin da ya girme ki. Kin kuma san dokarsa, wadda yake riƙe da ita kamar alwala: ba a ajiye inji yana kuka. Sai an kashe shi, an hure gashin da ke bakinsa, an kwantar da shi a kan tawul, sannan a yi duk abin da za a yi. Ranar da aka aiko masa cewa Yaya na naƙudarki ina zaune a shagon. Duk da haka sai da ya kashe, ya hure, ya kwantar, sannan ya zura da gudu ya bar wani bawan Allah da rabin gemu. Ƙaninki ya sha ranƙwashi a kan dokar nan lokacin da yake koyon aski, kafin ya tafi makaranta ya dawo da takardar shaidar da ba ta buɗe masa ƙofar kowa ba.

Wasan suman nan kuwa a kaina aka haife shi, a zahiri ba a misali ba. Tun da ya auri Yaya, Babanki bai taɓa kirana da sunana ba, sai Filin Jirgi. Yakan ce sauro ya taɓa sauka a kaina ya zame ya karye, har yanzu danginsa na shari'a. Ni kuma in ce masa ai da mahaifinmu yana sa tabarau da bai ba shi 'ya ba. Wata rana na zauna na ce a yi mini askin samari. Ya dubi kan, ya kashe inji, ya hure, ya kwantar, ya ɗaga hannu ya kare idonsa kamar wanda rana ta haske, ya yi tangaɗi, ya zube a kushin wai ya suma. Wasa ne na mijin ya da ƙanin mata, mun sha yinsa ba wanda ya sani sai bango. Amma ran nan ƙaninki na gefe da waya. Kafin mako ya zagayo, kaina ya je garuruwan da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

Daga nan shago ya zama dandali. Aka kafa fitila mai zobe a gaban madubi, unguwa ta laƙaba wa ƙaninki suna Darakta, shi ma ya karɓa hannu bibbiyu. Masu sanƙo suka riƙa zuwa daga nesa don a suma a kansu. Har akwai samarin da ke zuwa wani shago a aske musu kai tas, su shafa mai, sannan su zo nan su gyara zama a gaban waya. Askin an ba wani, suman ake nema a wajen Babanki. Na taɓa ce masa faɗuwar nan ta isa haka, shekaru sun ja. Ya ce bayansa ma ya faɗa masa haka, kuma kwana biyu ƙeyarsa na yi masa nauyi. Amma tun da yaron nan ya gama karatu bai ga haƙoransa a waje ba sai yanzu, ga shi kullum yana shago kusa da shi maimakon bakin titi. In faɗuwa a kushin ce za ta riƙe masa ɗansa, zai yi ta faɗuwa. Ki lura da wannan, Uwata: ba don mabiya yake faɗuwa ba, don mutum ɗaya ne.

Ranar da abin ya faru ba na nan, ina asibitin ido. Abin da zan faɗa miki na tattaro shi ne daga bakin waɗanda ke wurin, na gwama da cikakken bidiyon, wanda na kalla sau ɗaya kuma ba na fatan maimaitawa. Hantsi ne, shago cike, ana nunawa kai tsaye. A kujera akwai wani direban tasi, an yi masa rabin kai. Sai ga wani ƙato mai sanƙo ya shigo yana sheƙi, jama'a suka fara tafi tun kafin a yi komai. Babanki ya juya zai dube shi. Hannunsa ya saki. Injin ya faɗi yana kuka, yana zagaya kansa a kan siminti kamar ƙwaron da aka jirkice. Shi kuma bai nufi kushin ba, ya sulale tsakanin kujera da bango.

Wayoyi suka tashi sama kamar an yi umarni. Wani ya ce yau Baba ya zo da sabon salo, a dubi yadda ya karkace baki, wallahi ya fi 'yan fim. Wani saurayi ya ɗaga hannun Babanki ya saki, hannun ya faɗi, aka fashe da dariya, ya maimaita don abokinsa bai ɗauka da kyau ba. Mai sanƙon ya kwanta a gefensa ya haɗa kai da shi ya ɗauki hoto. Babanki yana ta ƙoƙarin magana, idonsa na bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai gane. Ƙaninki kuwa idonsa na kan adadin masu kallo da ke ta hawa, yana cewa kada kowa ya tare haske, yau za a kafa tarihi. Ba zan ɓoye miki ba, ya faɗa, na ji da kunnena a bidiyon. Amma ki sani ba mahaifinsa yake kallo ba. Gilashin waya yake kallo, inda mahaifin nasa bai fi tsawon ɗan yatsa ba, 'yan zukata da fuskokin dariya na ta shawagi a kansa.

Direban nan ya same ni a asibiti washegari, da hula a kan rabin askinsa. Ya ce wallahi tun da ya ga faɗuwar Babanki gabansa ya faɗi, don ya taɓa ganin irin wannan karkacewar baki a wajen mahaifiyarsa. Ya yunƙura zai tashi, ya dubi dama ana dariya, ya dubi hagu ana dariya, ya dubi ɗan mutumin shi ma dariya yake. Sai ya ce a ransa, in da wani abu ne ai ɗansa zai fi shi sani. Kuma in ya tashi ya ɓata wasa, gobe shi za a yi ta yawo da shi a waya, ga rabin kai ga ƙauyanci. Ya koma ya zauna. Ya ce komawar nan da ya yi ita ce ba ta barinsa barci. Na karanta labaran azzalumai da yawa, kuma da mugaye ne suka cika shagon nan da abin ya fi mini sauƙin fahimta. Ba mugu ko ɗaya. Kowa ya ba na kusa da shi ajiyar hankalinsa, na kusa da shi kuma ya ba waya.

Yaya tana gida tana wanke-wanke, wayar da kika aiko mata na jingine a bakin taga. Kin san ba ta taɓa son wasan ba, takan ce mutum da surukai ba ya birgima a gaban yara, amma ba ta taɓa bari ya wuce ta ba. Ta ce mini ba ta ma ga fuskarsa ba, bayan mutane da hannuwansu sun tare. Kuka ta ji. A ƙarƙashin tafi da dariya, injin yana ta kuka a ƙasa. Ta tsaya da kwano a hannu tana jiran a kashe. Ba a kashe ba. Ta ce a nan ta san mijinta ba ya cikin wasan nan, don ko gobara ce ta tashi sai ya kashe ya hure ya kwantar. Ta fita da kumfar sabulu a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, ta fizgi mayafin maƙwabciya a kan igiya. Matar da hawa matakala ke sa ta haki ta wuce kantin magani da gudu, ta wuce makaranta, ta ratsa babban titi direbobi na ta danna mata hon. An ce har a hanya wasu sun ɗaga waya, wai ga tsohuwa na tsere. Ana kiran abin nan kafar sada zumunta, kuma ɗimbin jama'a na kallo a lokacin. Amma magabata sun riga sun gama magana da suka ce zumunta a ƙafa take.

Da ta shiga ba ta yi ihu ba, ba ta kuma ce jama'a a taimaka ba. Ta durƙusa ta ɗora kansa a cinyarta, ta miƙa hannu ta kashe injin. Sannan ta nuna direban da yatsa, ta kira shi mai rabin kai, ta ce ya tashi ya kawo motarsa bakin ƙofa. Ta nuna mai sanƙon ta ce ya kama kafaɗu tun da Allah ya ba shi ƙarfi, ta nuna wanda ya yi wasa da hannun ta ce ya kama ƙafafu. Nan take kowa ya zabura. Ashe jira suke a ware su daga taro a ce kai. Ƙaninki kaɗai ba ta ba aiki ba. Ta dube shi kawai, wayar ta zame daga hannunsa. A asibiti likita ya tambayi lokacin da abin ya fara, don a wannan ciwo, in ji shi, sauri shi ne rabin magani. Duk cikinsu ba wanda ya iya amsawa, sai da aka buɗe bidiyon aka ja baya. Likitan ya dubi lokacin faɗuwa, ya dubi agogon bango. Wayar ta riƙe lokaci daidai ba kuskure. Shi ne kawai taimakon da ta yi.

Abin da ya biyo baya kin fi ni sani. Guntun da aka yanko ya fara yawo da kiɗan barkwanci, da labari ya fito aka cire kiɗan aka sa na tausayi, hoton dai shi ne. Waɗanda suka tura dariya da safe su ne suka tura tsinuwa da yamma, da yatsa guda. Mai sanƙon nan da kansa ya yi bidiyo yana share hawaye yana kukan lalacewar zamani. Wasu suka zo dubiya waya na gaba su na baya, sai da Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce duk mai son ganin mara lafiya ya shigo da idon da Allah ya ba shi.

Sannan rubutunki ya fito a shafinki. Uwata, ki yi haƙuri da Kawunki, aski ya zo gaban goshi. Na san daga inda rubutun ya taso: kina nesa, ba ki da hannun da za ki tallafi kan mahaifinki sai wayar da ke tafinki, kuma hayaƙi in ya rasa ƙofa ta taga yake fita. Ban ga laifin fushinki ba. Amma hoton da kika ɗora, na Babanki a gadon asibiti, Yaya ta tura miki ne don ki ga yana numfashi, ba don duniya ta ga bakinsa a karkace ba. Mutumin da bai taɓa fita ƙofar gida da gemun kwana ɗaya ba. Kuma kin rufe da cewa kada ƙaninki ya kuskura ya sake ɗora hannunsa a kan mahaifinki har abada. Dubbai sun taya ki. Sun kira shi sunayen da ba zan ɓata tawadata da su ba, har a layin kantin magani wata mata ta nuna shi ta ce ga wanda ya sayar da ubansa. Ina tambayarki cikin girmamawa: taron da ya kewaye rubutunki, da me ya bambanta da wanda ya kewaye Babanki a ƙasa? Cikin masu rubuta Allah ya ba shi lafiya ba wanda ya zo ya taya Yaya juya shi a gado. Wanda ke zuwa kullum da safe ya kai shi wurin masu motsa gaɓoɓi direban nan ne, kuma shi bai rubuta komai ba.

Ƙaninki ya karɓi hukuncinki kamar daga sama aka saukar. Ya goge shafinsa, ya kulle shago, ya tare a ɗakin littattafaina shi da kyanwa. Abinci sai matar Kawunki ta tsaya a kansa. Kullum yakan je gidanku ya karɓo magani, ya wanke zannuwan gado ya shanya, ya ajiye komai a bakin ƙofar ɗakin, ya tsaya a bayan taga inda yake zaton ba a ganinsa, sannan ya juyo. Yaya ta ce ya shigo, ya ƙi. Ya ce yayarsa ta yi gaskiya, hannun da ya riƙe waya a ranar nan bai cancanci ya taɓa Baba ba.

A can ciki kuwa gemu yana ta tsiro, fari fat, ya cika kumatu ya gangara wuya, yana susa da hannun hagu har fatar ta yi ja. Muka kawo mai aski daga tsallaken titi, ya juya fuska bango. Muka kawo wani tsohon abokin sana'arsa, ya rufe ido ya ƙame. Ni ma na ɗauko reza na gabato da kyakkyawar niyya. Kallon da ya yi mini, da yana da baki da unguwa ta wuni tana dariya. Na ce to, dama wanzami ba ya son jarfa. Yaya ta ce in bar karin magana in dubi inda idonsa yake. Na duba. A kan ƙofa yake daga safe har yamma, kuma duk sanda inuwa ta gifta a bayan taga sai ya yi sautin nan nasa. Ta ce a duniya hannu biyu kaɗai ya yarda da su a fuskarsa: ɗaya ga shi nan kwance a cinyarsa, ɗayan kuma shi ya koyar da shi da ranƙwashi.

A nan ne sanarwar da na buɗe da ita ta samo asali. Jiya da safe na ce wa ƙaninki gefen kaina ya zama daji, kuma mutum mai matsayina ba zai kai kansa ga baƙon hannu ba. Ya ce ba zai iya ba. Na ce ba shawara na kawo ba. Muka buɗe shago, muka rufo ƙofa. Fitilar zoben tana tsaye a kusurwa ta yi ƙura, gashin direban na ranar nan yana ƙasa ba a share ba. Ya ɗauki injin hannunsa na karkarwa, shi ya sa bayan kunnena ya ba da jininsa saboda kishin ƙasa. Amma kafin ya kai ƙeya hannun ya tuna karatunsa. Ina kallonsa a madubi yana tallafe kaina da yatsu yadda ubansa ke yi, sai na ji ɗumi yana ɗiga a tsakiyar sanƙona. A tarihin filin jirgin nan ba a taɓa yin ruwan sama irin wannan ba. Ban ce masa ya yi shiru ba. Da ya gama na kama wuyan hannunsa, na sa ya ɗauki injin da tawul ɗin, ban sake shi ba sai a tsakiyar ɗakin Babanki.

Ba a yi jawabi ba, ko ni ban yi ba, wanda ke nuna miki girman lamarin. Ƙaninki ya tsaya kansa a ƙasa. Babanki ya dube shi ya daɗe, sannan ya ɗaga haɓa, ya miƙa wuya, yadda mai zaman kujera ke yi in ya shirya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ban taɓa karanta yafiya da ta fi wannan fasaha ba. Yaya ta kawo ruwan ɗumi. Ƙaninki ya ɗaura masa ƙyalle, ya rage gemun da inji. Da zai ɗauki reza, don ruɗewa ya ɗora injin a kan gado yana kuka. Sai ga sautin nan ya fito da ƙarfin da ba mu taɓa ji ba, hannun hagu na dukan katifa. Wannan karon ba mu nemi fassarar Yaya ba. Yaron ya kashe, ya hure, ya kwantar a kan tawul. Babanki ya lumshe ido. Aka bi da kumfa da reza, a hankali, har gefen da ya karkace.

Da aka gama aka kawo masa madubi, ya duba dama ya duba hagu, ya shafa. Sannan idonsa ya sauka a kaina, sabon aski yana ɗaukar hasken taga. A hankali, da wahala, ya ɗaga hannun hagu ya kare idonsa, ya ɗan karkata a kan filo wai zai suma. Uwata, ba wanda ya motsa, don zuciyar kowa ta tsinke, sai da muka ga gefen bakinsa mai lafiya yana rawa. Yaya ce ta fara dariya, dariyar ta juye kuka. Ƙaninki ya kifa fuskarsa a gwiwar mahaifinsa, hannun hagun ya sauko ya zauna a ƙeyarsa. Mu huɗu ne a ɗakin. Ba wanda ya ɗauka, ba inda za ki nema ki kalla. Ke ce ta biyar, kuma a takardar nan kaɗai yake.

To, ga roƙona, ba umarni ba, ko da yake ina da hurumin umarni. Ki sauke rubutun nan da hoton, ba tare da sabon rubutu na bayanin dalilin saukewa ba, don taro ba ya ƙoshi. Sannan ki kira ƙaninki, murya da murya. In faɗa ne ki yi masa ya ji a kunnensa. Ke kina da haƙƙin faɗan, dubban nan ba su da shi. Ya yi kuskuren da zai ɗauka har ƙarshen ransa, kuma hannun Babanki ba lallai ya dawo ba. Ban rage ko ɗaya daga cikin biyun ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle a gidan da hannu ɗaya ya riga ya kwanta. Babanki bai san da rubutun ba, mun ɓoye masa. Abin da ya sani shi ne duk sanda kika kira wayar Yaya ba a jin muryar ɗansa a hirar. Jiya bayan aski ya nuna wayar, ya nuna yaron, ya nuna hotonki da ke bango. Wannan ma ban nemi fassara ba.

Gobe in Allah ya kai mu za a buɗe shago, kuma direban ne na farko a layi, don ya rantse ba mai ƙarasa masa askin nan sai a kujerar da aka fara shi. Fitilar zoben Yaya ta karɓe, ta ce tana da kyau wajen zura zare a allura. Ki gaishe mini da maigidanki da mahaifiyarsa, da babban jikana, da amaryata ƙarama wadda aka ce ta fara tafiya, ki faɗa mata angonta ya yi sabon aski. Yaya tana gaishe ki, matar Kawunki tana gaishe ki, haka Gwaggonki ta bayan kasuwa da Baffanki mai gyaran agogo. Ƙaninki bai ba ni saƙo ba, ya ce ba shi da bakin bayarwa. Amma shi ya nemo mini ambulan.

A ƙarshe, tun da doka ba ta san Kawu ba, kotun gidan nan ta zauna da safiyar yau ƙarƙashin matar Kawunki. Ta same ni da laifin karya dokar da kika kafa ba tare da izininki ba, da laifin motsi ana tsakiyar aski, wanda na ɗora alhakinsa a kan hannun yaro alhali kafaɗuna ma rawa suke. Na amsa duka biyun. An ci ni tarar 'yar kwalbar man inji guda, in kai ta shago da ƙafata, in kuma ɗauki tsintsiya in share gashin da ke ƙasa. Na nuna wa kotu cewa cikin gashin nan nawa bai cika cokali ba, aka ce ƙorafin bai karɓu ba. Ban ɗaukaka ƙara ba. In kina ganin hukuncin ya yi sauƙi, lambar ƙaninki ba ta canza ba. Ki kira shi ki faɗa masa abin da za a ƙara mini, shi ne mai zartarwa.

Naki har kullum,
Kawunki, wanda Babanki ke kira Filin Jirgi.